Neman Acca a Birnin Pekin

Ku samarin da kuke cika mini benci a bakin tashar jirgin Kafanchan, mutum uku a kan kofin shayi ɗaya, na ji maganar da kuka yi ran nan. Kun ce aikin kuku ba sana'a ba ce, wai namiji ne ya rasa abin yi ya ɗaura farin zane ya shige kicin. Ban tanka ba don ƙwaina yana kan wuta, ni kuwa ba na barin ƙwai ya ƙone saboda mutumin da bai saye shi ba. Yanzu na sauke. Ga amsarku a rubuce, wanda ya wuce aji huɗu a cikinku ya karanta wa sauran.

Sunana Bitrus, amma har fastonmu Ɗan Caina yake kirana. Kafin ku ji yadda mutumin da ya yi girki a birnin Pekin ya ƙare da soya wa 'yan dako ƙwai, bari mu fara daga inda sana'ar take farawa, wato kasuwa.

Ranar da na fara koyon aiki a kwatas ɗin Turawan reluwe, ban taɓa tukunya ba. Maigidana a sana'a, Baba Dogo, tsoho ne gajere kamar turmi, ya miƙo mini kwando ya ce, "Bi ni." Na yi ta binsa a kasuwa har takalmina ya mutu kafin ya yarda in yanka albasa. Ya koya mini danna ƙirjin kaza in gane budurwa ce ko kakar kaji ce. Ya koya mini ƙwanƙwasa doya in ji ko ta ruɓe daga ciki. Amma babban karatun ba na kaya ba ne, na mutane ne.

"Wuta, kowa yana da shi a gida," in ji shi, da Hausarsa ta mutanen dutse. "Kuku na gaskiya a kasuwa ake sanin shi. Ka san mai sayar maka. Ka gaishe shi, ka tambayi yaranshi, ku yi ciniki har ku gaji, ka roƙi gyara. Ran da kaya ya yi wuya, shi zai ɓoye maka a ƙarƙashin tebur. Kai kuma ran Kirsimeti, kwano na farko nashi ne."

Sai kayan aiki. Murhunmu na ƙarfe ne mai cin itace, ba shi da ma'aunin zafi. Hannu kake zurawa cikin tanda, in gashin ya fara wari, burodi ya shiga. Ku dubi hannuna na dama, har yau sumul yake kamar na jariri. Akwai wuƙar nama, akwai ta ganye, wanda ya haɗa su ya sha ludayi a ƙeya. Akwai kuma ƙwarya biyu na regen acca. Acca da yashi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ido ba ya raba su. Cikin ruwa kake juye ta daga wannan ƙwarya zuwa waccan, a hankali, har yashin ya kwanta shi kaɗai a gindi. In haƙorin maigida ya ci karo da tsakuwa guda, kada ka jira a kira ka, fara ɗaure kayanka.

Bayan an gama yaƙin basasa, Turawan suka yi ta raguwa, kuku suka yi yawa a gari kamar mangwaro a watan Afrilu. Ni na ci sa'a na samu gidan wani ɗan ƙasarmu, Malam Ishaya, ma'aikacin gwamnati, da matarsa Madam Rifkatu, da 'yarsu guda ɗaya, Ladi, wadda lokacin ta isa shiga firamare. Ana nan sai aka tura Oga aiki ƙasar Caina. Ya kira ni falo.

"Bitrus, za ka bi mu?"

"Sa, ko wuta ce, in dai akwai murhu."

"To ji nan. In ka tsaya da mu har mu gama zamanmu can, ina dawowa zan sa a ɗauke ka a gidan saukar baƙi na gwamnati. Aiki mai fansho."

Ku yara ba ku san nauyin kalmar nan ba. Kuku ba shi da fansho. Baba Dogo ya dafa wa Turawa har idonsa ya mutu, ladansa tsohon kwat da hular kwano. Amma akwai sharaɗi: ma'aikaci mai iyali ne kawai ake bari ya tafi da kukunsa daga gida. Ran da Madam da Ladi suka dawo, ni ma na dawo, alkawari kuma ya bi ruwa. Fanshona dai a cikin cikin yarinya ƙarama yake. In ta zauna lafiya na ci, in ba ta zauna ba na tashi a tutar babu.

Ɗaurin kayan tafiya ni na yi shi. Acca, daddawa, busasshiyar yakuwa, man ja a galan, ƙwaryata biyu a naɗe cikin bargo. Na kuma cusa ƙullin citta babba, don na yi lissafi cewa mutanen can ba su taɓa ganin citta ba, in na nuna musu ta Kafanchan sai sun ɗauke ni a kafaɗa. Ranar farko da na leƙa kasuwarsu na tarar da citta tuli guda, tsawonsa ya kusa dutsen Kagoro. Na koma gida na tura ƙullina ƙarƙashin gado, ban sake yi masa magana ba.

An sauke mu a wani dogon bene da aka keɓe wa baƙi, katanga zagaye, soja a ƙofa. Ɗan gari ba ya shiga sai ma'aikaci mai izini. A ciki akwai mutanen ƙasa-ƙasa, kowa da ƙamshin miyarsa a matakala. A waje kuwa kekuna ne kamar farin ɗango, kowa da riga shuɗiya iri ɗaya, har sai da na zaci gari guda ne suke zaman makoki. Duk inda na tsaya sai taro ya kewaye ni, ba zagi ba duka, kallo kawai. Da na ɗauki faranti ina karɓar baiko, da na gina coci. Sanyi kuma, ku bar zancen Jos. Na shanya wandona a baranda, na dawo na tarar ya tsaya da ƙafarsa kamar zai tafi sujada ya bar ni.

Cefanena na farko a kantin baƙi na yi shi, babban kanti da aka tanada don irinmu. Akwai man shanu, akwai nama, akwai giya iri-iri, har da siliki da darduma. Ba man ja, ba daddawa, ba yakuwa. Na zaɓi tumatir, yarinyar kantin ta nuna mini farashi a jikin katako. Na yi dariyar da ake yi, na taya rabi. Ta sake nuna katakon. Na dafa ƙirji, na nuna sama, na nuna mata tumatirin yana da tabo. Katako dai. Sai na yi tafiyar da Baba Dogo ya koya mini, a hankali, kunne a baya, ina jiran a ce "dawo kawo." Na kai ƙofa, shiru. Na kai bakin titi, shiru. Da ban juyo don kaina ba, da yanzu ina Rasha. Da na dawo na biya, na miƙa hannu a yi mini gyara, sai ta dubi sikeli ta ga ya ɗan rinjaya, ta cire tumatir ɗaya.

A ranar na gane rabin sana'ata ta mutu a hanya. Kantin na gwamnati ne, mai sayarwa albashi take ci, ka saya ko kada ka saya uwarsu ɗaya. Kalmar farko da na koya a harshensu ita ce "meyo", wato babu. Na ji ta har ta fara zuwa mini a mafarki.

Sai batun makarantar Ladi, wanda ya hana gidanmu zaman lafiya. Akwai wata 'yar makarantar Turanci da mutanen wata ƙasa suka buɗe wa 'ya'yansu, suna ɗaukar na wasu in da wuri. Oga ya je ya dawo, an ce masa ta cika, ya jira wani ya tashi. Akwai ta Faransanci, Oga ya ce bai haye teku don 'yarsa ta dawo tana magana kamar 'yan Nijar ba. Akwai ta 'yan gari guda ɗaya da aka yarda 'ya'yan baƙi su shiga. Sai hanya ta ƙarshe, wadda Madam take so: a mai da yarinya gida makarantar mishan, ita kuma ta bi ta, don Ladi ta yi ƙanƙanta da zaman kwana.

Ina tsaye da tire a hannu ina jin ana yanka fanshona a kan tebur.

"Madam," na ce, "yaro ai kamar kabewa yake, inda ka dasa shi nan yake yaɗo."

"Wa ya sa bakinka, Bitrus? Kai ka haife ta?"

"Ni dai nake ciyar da ita, Madam."

Oga ya goyi bayana, aka sa Ladi a makarantar 'yan gari. Ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta. Da sassafe za ka gan su a fili cikin sanyin nan suna motsa jiki a jere, tamu ce kaɗai baƙa a tsakiya kamar ƙuda a nono. Yaran suna shafa mata kitso, suna goga yatsa a hannunta su duba ko ya yi baƙi. Harshen kam ta fara kamawa da wuri. Abinci ne ya gagara. Na makaranta ba ta taɓawa. A gida kuma ta ƙi burodi, ta ƙi shinkafa, ta ƙi taliya. Abu ɗaya take buɗe wa baki: paten acca, irin na kakarta.

Na yi ta jan accar nan kamar mai jan igiyar rijiya, har ranar da na kakkaɓe buhu. Aka aika gida a turo, kaya suka yi watanni a jirgin ruwa, da suka iso ƙwari ne suka buɗe mana buhun da kansu suna yi mana sannu da zuwa. Ladi ta fara zubewa. Wuyanta ya zama kamar na shamuwa, tari ya kama ta. Madam ta sauko da akwatinta daga kan kabad ta ajiye a tsakiyar ɗaki a buɗe. Duk ranar da aka dawo da faranti ba a ci ba, sai ta jefa zane ɗaya a ciki, ta tabbatar ina kallo.

Kusa da makarantar akwai wani ɗan shagon hatsi na 'yan unguwa. Wata rana ina wucewa na hango wani abu a cikin akwatin katako, ƙanana, rawaya, ɗan geronsu ne, da kaɗan ya fi acca girma. Na shiga layi. Mai awon wata mata ce mai tsufa-tsufa da tabarau ɗaure da zare, ban taɓa sanin sunanta ba, Mama Tabarau na sa mata. Na nuna gero, na nuna kuɗi. Ta ce, "Meyo." Ga shi kuwa a gabanta. Ashe hatsi a can ba kuɗi kaɗai yake saye ba. Kowane gida ana ba shi 'yan tikiti gwargwadon bakunan da ke cikinsa, ba tikiti ba hatsi. Mu baƙi ba mu da shi, an ce kantinmu ya ishe mu, kantinmu kuwa ba ya ajiye abincin talakawa.

Na koma ga karatun Baba Dogo. Kullum in na kai Ladi sai na leƙa, in cire hula, in gaishe ta da Hausa tun daga kwana har gajiya har mutanen gida. Ita kuma ta ce meyo. Haka muka yi ta yi kamar limami da mai amsa amin. Ran nan na shiga da Ladi bayan an tashi, layi ya watse. Yarinyar ta yi tarin nan nata. Matar ta sauke tabarau ta dube ta, ta tambaye ta wani abu, Ladi ta amsa da ɗan abin da ta iya. Sai matar ta leƙa ƙofa, ta zaro tikiti daga aljihun rigarta, ta jefa a aljihun tebur da hannunta, ta auna gero ta ƙulle a takarda, ta karɓi kuɗina, ba ta ko kalli fuskata ba. Daga rabon gidanta ta yanko mana.

Paten da na yi ran nan, da Baba Dogo yana gani da ya ba ni hular kwanonsa. Na ɗan ɓarza geron, na rege shi da ƙwaryata ko da yake ba yashi, don hannu ya saba. Yakuwa ta ƙare, sai na samo kabejinsu mai tsami da suke jiƙawa a tulu, na wanke gishirin, ya ba ni tsamin da nake nema. Gyaɗa suna da ita, alayyafo suna da ɗan'uwansa. Na ɗiga ragowar man ja kamar mai ɗiga maganin ido. Ladi ta ɗanɗana, ta dube ni.

"Baba Kuku, accar nan ta yi ƙiba."

"Sanyi ne ya kumbura ta, ci maza kafin ta gudu."

Ta cinye, ta miƙo kwano. Akwati ya koma kan kabad. Daga nan duk bayan 'yan kwanaki, in layi ya watse, ƙullin takarda yana jirana. Kumatun yarinya suka dawo, ta fara rera waƙoƙin makaranta a banɗaki. Ni kuwa har na fara zaɓen irin kujerar da zan riƙa zama a kai in na yi ritaya.

Sai Kirsimeti ya zo. A can ba hutu ba ne, rana ce kamar kowace, amma Madam 'yar zumuntar mata ce tun daga kakarta. Tun da safe muka dafa shinkafa da miyar kaji, muka soya cincin. Kun san al'adarmu, maƙwabci ba ya wuni bai ci na gidanka ba. Na zaga benen nan sama da ƙasa da kwanuka. Da na dawo na tarar Madam ta fito da kwanon samira mai fure, wanda ba a taɓa ci a cikinsa ba, ta cika shi, ta ɗora cinyoyi a sama, ta ɗaure da sabon ɗankwali.

"Na matar geron ne. Da ma shi ya kamata ya fara fita. Ka ce mata uwar Ladi ta gode, Ubangiji ya sāka mata."

A matakala na haɗu da kukun maƙwabtanmu, Alhaji Musa, dattijo ɗan Gana mai Hausar zango, wanda ya daɗe a garin. Ban da mutanen gidanmu, shi kaɗai na taɓa gaya wa sirrin geron. Ya dubi ƙullin.

"Ɗan'uwa, ina zuwa da kayan biki?"

Na gaya masa. Ya kama mini hannu.

"Koma da shi. A garin nan, in mutum ya yi maka alheri, godiyarsa ita ce ka manta fuskarsa."

Na koma na faɗa wa Madam. Ta riƙe ƙugu.

"Alhaji ne zai koya mini Kirsimeti? Mata ta cire daga bakin 'ya'yanta ta ba nawa, in bar ta haka kamar ba a haife ni a gida ba? Abinci ne fa, Bitrus, ba bindiga ba. Ɗauki ka tafi tun da zafi."

Ni ma a raina abin da aka koya mini ke nan. Ku tambayi kowace uwa a garin nan, za ta ce muku Madam ta yi daidai.

Tun da zafi, shi ne ya kai ni shagon da tsakar rana, layi har waje. Ga ni baƙi, ga farar rigar kuku, ga ɗankwali ja da kore a hannu, ga taron da ya saba bina. Na wuce gaba, na ajiye a kan tebur, na kwance, na buɗe murfi. Ƙamshin miya ya cika shagon. Na nuna akwatin gero, na nuna tsawon Ladi da hannu, na kumbura kumatu, na dafa ƙirji na rusuna. Duk wanda yake wurin, ko kurma ne, ya gane labarin daga farko har ƙarshe.

Fuskar matar ta koma kamar toka. Ta tura kwanon da hannu biyu tana cewa meyo, meyo. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki, na sake tura mata. Ba wanda ya yi dariya a layin. Wani jami'i mai ɗaure da jan ƙyalle a damtse ya fito daga ɗakin ciki, ya dubi kwanon, ya dubi akwatin gero, ya dube ta. Bai ɗaga murya ba. Shi ya rufe murfin, ya ɗaure ɗankwalin da kyau, ya miƙo mini, ya raka ni har ƙofa da ladabi.

Washegari wani saurayi ne a kan sikeli. Na kwatanta masa tabarau da yatsu, ya kalli bango. Na sa Ladi ta tambaya, ya kalli bango. Na yi ta zagayen unguwar har ƙarshen sanyi, ban sake ganinta ba. Alhaji Musa ya ce wataƙila an canja mata shago, wataƙila an tura ta ƙauye noma. Ya ce ɗan gari da ya yi hulɗa da baƙo a ɓoye, ya kuma karkatar da hatsin rabo, ba a tambayar inda ya tafi.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na ɓarza shinkafa, Ladi ta ture. Na ɓarza masarar gwangwani bayan na busar da ita a kan bututun ɗumama ɗaki, ta ture. Na zaga wasu shagunan hatsi, da alama labarina ya riga ni, ina doso ƙofa ake ce mini meyo. Tarin ya dawo, ya sauka a ƙirji, aka kwantar da ita asibiti. Likita ya ce yarinyar ba ta da abin da za ta yaƙi sanyi da shi. A wannan karon Madam ba ta jefa zane ɗaya-ɗaya ba, rana guda ta cika akwatin.

Oga ya raka mu filin jirgi. Na matsa kusa da shi.

"Sa, maganar gidan saukar baƙi fa?"

"Bitrus, ka tuna yadda muka yi. Na ce in mun gama." Ya gyara mini wuyan kwat. "Ba mu gama ba."

Jirgin ƙasa ya sauke mu a tashar nan da kuke zaune, daga nan muka wuce ƙauyen su Madam. Tsohuwarta ta ga jikarta kamar sillen kara, ta fasa kuka, ta hura wuta. Ba ta auna komai ba, ba ta ɗanɗana ba, ta ma bar gindin tukunyar ya kama. Ladi ta zauna a tabarma ta ci kwano ɗaya, ta ci na biyu, tana tauna yashi ƙaras-ƙaras ina ji daga inda nake tsaye, ta miƙa a ƙara. Mata suka yi guɗa, wata ta ɗauko waƙar godiya.

Madam ta share hawaye, ta juyo ta gan ni a bakin zaure da farar rigata da jakata a hannu.

"Ka gani ko, Bitrus? Ashe ba kuku muke bukata ba. Acca muke bukata."

Aka zubo mini nawa paten, na ci a tsaye, na tambayi lokacin da motar Kafanchan take tashi.